AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Me Masu Wasan Zamiya A Kan Ƙanƙara Ke Cewa Game Da Garin Zermatt?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga yankin Funtuwa, ya aiko da takarda yana cewa ya ga Turawa a talabijin suna sulalowa daga kan dutse a bisa ƙanƙara da wasu dogayen katakai a ƙafafunsu, har ma an gaya masa wai kuɗi suke biya. Yana so a yi masa bayanin irin wurin da ake wannan wasa, da abin da masu zuwa suke yabawa da abin da suke kushewa, ko kuwa komai na wurin daɗi ne.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Wanda ya gaya maka kuɗi suke biya bai yi ƙarya ba, kuma ba kuɗi kaɗan ba.

Da farko dai, ƙanƙarar da ka gani ba irin wadda kan sauko da damina ta kakkarya dawa da masara ba ce. Ita wannan dusar ƙanƙara ce, tana saukowa a hankali kamar an sheƙe auduga, ta taru ta rufe ƙasa, wani wuri har ta fi tsayin mutum. Katakan nan biyu su Turawa ke kira ski. Kowanne ya kusa tsayin mai shi, gefensa akwai ƙarfe mai kaifi wanda ke kama ƙanƙara in za a juya ko za a tsaya. Ana sa wani takalmi mai tauri a maƙala shi a kan katakon, a riƙe sanda biyu a hannu, sai gangare ya yi sauran aikin.

Wuraren wannan wasa ɗaruruwa ne a Turai da Amurka da Japan. Bari mu ɗauki guda ɗaya wanda ya yi suna ƙwarai, kuma aka fi yin gardama a kansa, wato garin Zermatt na ƙasar Suwizalan, dab da iyakarta da Italiya, cikin duwatsun Alps.

Garin yana ƙarshen wani kwari mai zurfi, kimanin mita 1,600 sama da teku, kusan tsayi ɗaya da tsaunin Mambila ke nan. Mazaunansa wajen mutum 6,000 ne, Jamusanci suke yi. Bisa kansu akwai wani dutse mai tsini da ake kira Matterhorn, tsayinsa mita 4,478. A da can mutanen wurin talakawan manoma ne da makiyaya, masu tumaki baƙaƙen fuska da 'yan shanu. Har yau in ka shiga tsohuwar unguwar garin za ka ga rumbunansu na katako, an ɗora su bisa ƙafafu, tsakanin kowace ƙafa da rumbun an sa faffaɗan dutse kamar faifai don kada ɓera ya hau. Kai da ka san ɓarnar ɓera a rumbu, ba sai an yi maka bayanin hikimar ba. Abin da ya sauya garin shi ne ranar 14 ga Yuli, 1865, da wani Baturen Ingila mai suna Edward Whymper da abokan tafiyarsa shida suka zama na farko da suka kai ƙololuwar dutsen. Wajen saukowa igiya ta tsinke, huɗu suka faɗa suka mutu. Labarin ya bazu a Turai, maimakon mutane su ji tsoro sai suka yi ta tururuwa zuwa ganin dutsen. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1891, jikokin makiyaya suka zama masu hotal. Yanzu hotal ɗin garin sun haura 100.

Ga yadda harkar take. Mai wasa yakan sayi tikiti na yini ko na mako. Da wannan tikiti zai shiga jirgin ƙasa mai hawa dutse, ko wata mota mai kama da akwati da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, ko kujera mai lilo, a kai shi sama. Daga can ya zamo ƙasa ta hanyoyin da aka shata, ya sake hawa, ya sake zamowa, har yamma. Hanyoyin nan an yi musu alama da launi: shuɗi ga mai koyo, ja ga wanda hannunsa ya faɗa, baƙi ga gwanaye. Da dare wasu manyan injuna masu kama da tarakta kan bi su suna baje ƙanƙarar kamar ana haro a gona, don gari ya waye ta yi sumul.

To, me masu zuwa suke yabawa? Abin da kusan kowa ke fara ambata shi ne kallo. Duk inda ka juya dutsen nan mai tsini yana gabanka, da asuba rana ta fara taɓa kansa ya yi ja wur alhali garin yana cikin duhu. Akwai jirgin ƙasa mai haƙora da aka buɗe tun 1898, yana hawa zuwa wani wuri mai suna Gornergrat, mita 3,089, daga inda ake hango duwatsu 29 waɗanda kowanne ya haura mita 4,000. Ko masu ƙorafi a kan Zermatt ba sa musun wannan.

Na biyu, kuma shi ne babba a wurin 'yan wasa na gaske, tabbacin samun ƙanƙara. Ka san yadda manomi yake da gonar fadama: ko ruwa ya yi gardama yana da abin dogaro. To haka tsayi yake ga wannan wasa. Motar igiya tana kai mutum har wani wuri da ake kira Klein Matterhorn, mita 3,883, babu tashar motar igiya da ta kai ta tsayi a duk Turai. A can sama akwai daskararriyar ƙanƙara mai shekaru ɗaruruwa da ba ta narkewa duka, shi ya sa ake wasa a kanta har da bazararsu, kuma ƙungiyoyin 'yan tsere na ƙasashe daban-daban kan je su yi atisaye. Wanda ya tara kuɗinsa shekara guda don hutun mako ɗaya, ba ya so ya je ya tarar da ciyawa. Daga wannan tasha gwani kan zamo har cikin gari, tafiyar kusan kilomita 25 gangare zalla, cinyoyi na zafi. In aka haɗa da ɓangaren Italiya, tsawon hanyoyin duka ya kai kilomita 360, wato ya fi nisan Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba.

Amma fa Malam, tsayin nan da ake yabo, shi ne kuma tushen rabin koke-koken. A can ƙololuwa iskar shaƙa ba ta wuce kashi biyu bisa uku na wadda ake samu a bakin teku ba. Wanda ya taso daga ƙasa ya hau kai-tsaye yakan ji jiri da ciwon kai, taku goma sai haki. Sanyi kuwa da hunturu yakan fi na cikin injin daskarar da ƙanƙara. Sai babbar matsala, iska. Motar da ke rataye a igiya ba ta jure guguwa, da iska ta tsananta sai a tsayar da ita. Sau da yawa za ka ji mutum yana cewa ya biya kuɗin mako guda har da na ƙetarawa Italiya, amma kwana biyu ko uku hanyar tana rufe, ya ƙare yana cunkoso da kowa a hanyoyin ƙasa. Wasu gwanayen ma suna cewa filin can saman bai cika gangare ba, in ka cire kallon da sunan, zamiyar ba ta da wani armashi.

Wannan batu na iska ba ƙorafin baƙi kaɗai ba ne. An shirya gasar tseren duniya da za a taso daga ɓangaren Suwizalan a ƙare a Italiya. A 2022 aka soke saboda ƙanƙara ba ta isa ba a ƙasan hanyar, a 2023 aka sake sokewa saboda iska da saukar dusar ƙanƙara mai yawa. Tsere 8 aka tsara cikin shekara biyun, ko ɗaya ba a yi ba.

Tunda mun ambaci Italiya, ga wani abu da zai ba ka dariya a matsayinka na ɗan kasuwa. Bayan dutsen akwai wani gari na Italiya mai suna Cervinia. Masu wasa suna son su ƙetara can da hantsi, su ci abincin rana, domin ya fi araha, hanyoyin can kuma sun fi faɗi da rana. Karin kumallo a ƙasa ɗaya, abincin rana a wata, ba tare da an cire takalmi ba. Sai dai in daɗin hira ya ɗauke ka motar igiya ta ƙarshe ta tashi, ko iska ta taso aka rufe, to ka shiga uku. Garuruwan biyu dutse ɗaya ne tsakaninsu, amma ta hanyar mota sai an zagaya awa uku zuwa huɗu, kuɗin tasi kuwa ya ninka abin da ka rage a abinci sau da yawa. Ko dai ka biya, ko ka nemi ɗaki ka kwana da kayan wasa a jikinka. Kowane tsohon ɗan wasa yana da labarin wani da abin ya faɗa wa.

Yanzu kuɗi. Nan ne bakin masu yabo da masu suka ya zo ɗaya: Zermatt akwai tsada. Tikitin yini ɗaya na babban mutum yana kaiwa wajen faran 100 na kuɗin Suwizalan, kuma faran ɗin nan ya fi dalar Amurka daraja. Farashin ma ba a tsaye yake ba, yana hawa yana sauka kamar na masara a kasuwar Dawanau: ranar da mutane suka yi yawa ya tashi, wanda ya saya tun da wuri ya samu sauƙi. Wannan tikiti ne kawai, ba a zo ga ɗakin kwana da hayar katako da takalmi da abinci da malamin koyarwa ba. Masu kare garin suna cewa araha ba ta ado, kuɗin ana ganin aikinsu, don motocin igiyar sababbi ne kuma hanyoyin a gyare suke, ga shi ba a karɓar kuɗin tikiti daga yara 'yan ƙasa da shekara 9. Gidajen abincin da ke kan dutsen ma, waɗanda yawancinsu tsofaffin bukkokin makiyaya ne aka gyara, ana sa su cikin mafi kyau a duwatsun Alps, har akwai masu zuwa don ci, wasan ya zama hujja kawai. Masu suka kuma su ce da kuɗin kwana huɗu a nan sai ka yi mako guda a wasu wuraren Austiriya ko Italiya, kuma ƙanƙara ai ƙanƙara ce.

Wani abin da ya raba kawuna shi ne hana mota. Ba a shiga Zermatt da motar mai. Kowa zai ajiye tasa a wani ƙauye mai suna Täsch, kilomita 5 kafin garin, ya shiga jirgin ƙasa na minti 12. Cikin gari sai ƙananan motocin lantarki da keken doki da ƙafa. Masu so suna cewa babu hayaƙi, babu ham, iska garau. To amma je ka tambayi magidanci mai 'ya'ya uku da akwatuna da katakai, ya sauke daga mota, ya loda a jirgi, ya sauke, ya loda a tasi. Motocin lantarkin nan kuma ba su da ƙara, sai dai ka ji abu ya wuce ta gefen kunnenka. Ga shi tashoshin hawa dutsen uku ne, a warwatse a gari, yawancin hotal ba a bakin hanyar zamiya suke ba. Tafiya cikin takalmin nan mai tauri, da katako a kafaɗa, a kan titi mai santsi, ba ƙaramin aiki ba ne, motocin safa kuwa da safe cike suke maƙil. A wasu wurare na Faransa mutum daga ƙofar ɗakinsa yake maƙala katako ya zame, waɗanda suka saba da haka su ne suka fi yin mita. Shi kansa jirgin Gornergrat da ake yabo, fiye da rabin awa yake yi kafin ya kai sama. Baƙo na kallo ta taga yana murna, gwani na duba agogo.

A ganinmu, ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na masu koyo, domin shi ne wanda tallar hotal ba ta faɗa. Filayen koyo suna can sama, nesa da juna. Hanyoyin komawa gari da yamma ƙunci gare su, ƙanƙarar ta daskare ta yi santsi, ga gwanaye na wucewa fuu ta dama da hagu. Wanda bai iya ba yakan ƙare da sauka a jirgi, ya biya kuɗin kilomita 360 ya mori uku. Shi ya sa in ka ji mutum biyu sun dawo daga Zermatt, ɗaya na cewa bai taɓa ganin wuri kamarsa ba, ɗaya na rantsuwa ba zai koma ba, kafin ka ce wani ya yi ƙarya tambayi shekara nawa kowannensu ya yi yana wasan. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Su ma gwanayen suna da tasu. Kwarin Zermatt duwatsu sun kewaye shi suna tare hadari, saboda haka wuri ne mai ƙarancin ruwa, ƙasar kuma duwatsu ce. Masu son barin hanya su shiga sabuwar ƙanƙara da ba a taka ba suna cewa a farkon hunturu ba ta isa rufe duwatsun ba, sai wajen Fabrairu ko Maris abin ke yin kyau. Hukumar wurin takan cike giɓin da injunan da ke fesa ruwa cikin iska mai sanyi ya zama ƙanƙara, wato noman rani ke nan na ƙanƙara, da madatsun ruwansa da bututunsa. Irin wannan ta inji ta fi tauri, 'yan wasa suna gane ta da ƙafa.

Haɗari kuwa akwai shi, kada hoton talabijin ya ruɗe ka. Karaya da gocewar gwiwa abin kullum ne, har akwai kamfanin jirage masu saukar ungulu a garin tun 1968 da ke kwaso waɗanda suka ji rauni. Mafi muni shi ne zaftarewar ƙanƙara, inda wadda ta taru a gefen dutse kan ɓalle gaba ɗaya ta binne abin da ke ƙasa. Ranar 1 ga Afrilu, 2024, irin wannan ta kashe aƙalla mutum 3 a wajen hanyar da aka shata, a wani wuri mai suna Riffelberg, a lokacin da hukuma ta riga ta yi gargaɗin haɗari. Kuma da yake hanya ɗaya ce ke shiga kwarin, in ta toshe gari ya zama kurkuku. A Janairun 2018 baƙi kimanin 13,000 suka maƙale kwana biyu, waɗanda ke sauri aka riƙa fitar da su da jirgi mai saukar ungulu. A Yunin 2024 kuma ambaliyar kogin garin ce ta yanke hanyar.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin muryarsu ba, ma'aikata. Masu wanke-wanke da share ɗakuna da dafa abinci da yawansu baƙi ne, musamman daga ƙasar Fotugal. Hayar ɗaki a Zermatt ta fi ƙarfinsu, sai su zauna a Täsch, inda baƙi ke ajiye motoci, su shigo da asuba su koma da dare.

Saura abu guda, wanda kai manomi za ka fi kowa fahimta, domin kai ma ka ga yadda damina ta sauya hali. Daskararriyar ƙanƙarar nan da Zermatt ke taƙama da ita tana narkewa. Masana na Suwizalan sun auna cewa cikin shekara biyu kacal, 2022 da 2023, ƙasar ta yi asarar kashi 10 cikin 100 na irin wannan ƙanƙara. A ƙarshen Yulin 2022 zafi ya sa dole aka dakatar da wasan bazara a Zermatt, sai cikin Satumba aka sake buɗewa, a wurin da ake tallarsa da cewa ana wasa kwana 365. A 2023 kuma da aka ga hotunan injunan haƙa suna tone ƙanƙarar don shirya hanyar tseren nan, hayaniya ta tashi a ƙasar, su kansu 'yan wasa suka rabu: wasu na cewa ana gyara ne don sana'ar gari ta ɗore, wasu na cewa ana yanka kazar da ke yin ƙwai.

Narkewar ta taɓa har iyakar ƙasa. A wannan yanki an shata iyakar Suwizalan da Italiya ne bisa doron ƙanƙara, inda ruwa ke rabuwa, wani ya gangara arewa wani kudu. Da ƙanƙarar ta janye sai doron ya gusa, kamar a ce kun yi iyakar gona da maƙwabcinka da rafi, rafin ya sauya hanya. Har wani masaukin matafiya na Italiyawa da ke can sama aka shiga tababa ko a wace ƙasa yake. Ƙasashen biyu suka kafa kwamiti ya zauna, kuma a Satumbar 2024 gwamnatin Suwizalan ta amince da sabuwar shatar iyakar.